A-KORI-KURA JARIN TALAKA CE, MU KULA DA ITA

Jawabin da kwamitin direbobi da makanikai na ƙungiyarmu ya gabatar a taron wata-wata, a nan Maiduguri



Shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, alhazai masu motoci, 'yan'uwa direbobi da makanikai da yaran mota, da iyayenmu mata da ke saurare daga can baya, muna yi wa kowa barka da zuwa. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu lafiya, da salati ga Annabinmu Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna neman afuwar dattawa, domin yau maganar ƙarfe da baƙin mai za mu yi a gabansu.

Abin da ya jawo wannan jawabi shi ne, shugabanni sun lura cewa a cikin masu kawo kukansu gaban ƙungiya, akwai kalma guda da ta cika yawan fitowa, wato "injina ya buga." Mutum ya zo garin nan daga Kano ko Haɗeja ko Katsina ko Damagaram, ya yi shekaru yana dako ko tireda a Kasuwar Monday, ya tara ɗan abin da ya tara, ya sayi a-kori-kura. Da ita ake cefane, da ita ake biyan haya a Hausari ko Gwange ko Bulunkutu, da ita ake aika wa tsofaffi ɗan abin masarufi a gida. Wata motar ma ta marayu ce, mahaifinsu ya rasu ya bar musu. Ranar da ta tsaya, ba mutum ɗaya ne ya tsaya ba, gidaje uku ne ko huɗu: na mai mota, na direba, na yaron mota, har da na mai lodin da ke jiranta a Tashar Baga. Kuma da muka zauna muka bi labaran ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar yawancinsu sun faro ne daga ƙaramin abu wanda duban safiya guda zai iya tarewa.

Motocinmu da ƙasar da suke aiki

Mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma daga can ne 404 da 504 suka cika hanyoyin Arewa. An daina yin 504 a Kaduna tun tsakiyar shekarun 2000, saboda haka duk wata 504 da kuka gani tana jan kaya yau, tsohuwa ce tukuf, wata ma ta girmi direbanta. Ita kuwa Toyota Hilux, da aka fara ƙerawa a Japan a 1968, yawancin waɗanda muke saye sun riga sun ci ƙuruciyarsu a hannun wani kafin su iso gare mu. To, tsoho ba a sa shi tseren da ake sa yaro, sai da lallami.

Sa'an nan ƙasar Barno ba ta raga wa mota. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Da hunturu ga ƙura da hazo. In ka nufi arewa, wajen Gubio ko Monguno, ga rairayi. In ka yi gabas wajen Dikwa da Gamborun Ngala, ga firgi, baƙar ƙasar nan da take tsattsagewa da rani, da damina kuma ta kama taya kamar danƙo. Waɗannan duka ba mu muka yi su ba. Amma akwai guda biyu da mu ne muke ɗora wa motar da hannunmu: oba lodi da gurɓataccen mai.

Duban safiya

Kai direba, kafin ka murɗa makulli da safe, ka ba motarka minti goma. Fara durƙusawa ka leƙa ƙarƙashinta inda ta kwana. Ɗigon baƙi, baƙin mai ne ko man giya. Ruwa a ƙarƙashin hanci, lagireto ne ko tiyo. Danshi a cikin taya ta baya, man birki ne ko man aksil. Ƙasa ba ta ƙarya, ita za ta gaya maka abin da motar ta yi da dare.

Sai ka ɗaga bonet. Zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa, alhali motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri kuma inji a kashe. Mai ya tsaya tsakanin zane biyun nan. Kada ya gaza, kada kuma ya wuce, domin yawansa ma ɓarna ne, yana fasa sil. In ka ga man ya koma kamar shayi da madara, to ruwa ya shiga, kada ka tayar, kira makaniki. Duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. Duba man birki da na kuloci. In kullum yana sauka, akwai inda yake yoyo, ƙari ba magani ba ne. Danna fanbel da babban yatsa: ya lotsa kamar santimita ɗaya, kuma kada a ga tsaga a jikinsa. Girgiza kan batir ka ji ko ya yi sako-sako. Farin garin nan da ke taruwa a kai, a wanke shi da ruwan zafi a shafa ɗan giris. Batirin da ake buɗewa, ruwan batir na kwalba ake ƙara masa, ba ruwan famfo ba, ba kuma asid ba.

Daga nan ka zagaya tayoyi har da safaya, ka gwada fitilu da sigina da hon, ka taka birki ka ji ya tsaya da ƙarfi. In ka tayar, kada ka hau totur nan take. Bari mai ya zagaya na ɗan minti ɗaya ko biyu, ka tabbata jar fitilar mai da ta batir sun mutu, sa'an nan ka ce Bismillahi.

Sabis a kan lokaci

A irin ƙurarmu da lodinmu, shawararmu ita ce a juye baƙin mai duk kilomita 5,000. In mitar motarka ta mutu, kamar yadda ta mutu a motoci da yawa, to yi lissafi da tafiya. Daga nan zuwa Damaturu kusan kilomita 130 ne, zuwa da dawowa 260. Ka ga ke nan sawu 19 ko 20 sun cinye man. Mai aikin cikin gari kuma kada ya wuce wata uku. Tsohon injin fetur irin na 504 yana son mai mai kauri, wanda aka rubuta 20W-50 a jikin galan. Injin gas kuwa galibi 15W-40. Sababbin motoci su bi abin da littafinsu ya ce. Kuma duk juyen mai a canza filta. Wanda ya zuba sabon mai ya bar tsohuwar filta, tamkar ya yi wanka ne ya mai da riga mai dauɗa.

Muna roƙonku da girman Allah, ku bar sayen man awo na cikin kwalabe a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Wani tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. Araha ba ta ado. Ku sayi galan mai hatimi, ku tsaya a buɗe shi a gabanku, in ya ƙare ku huda galan ɗin, don kada ya koma hannun masu cika shi da jabu.

Iya kilina, wato matatar iska, ita ce hancin mota. Da hunturu a buɗe ta kowane mako a kakkaɓe, in za a hura da iska a hura daga ciki zuwa waje. In ta yage, a saya wata. Wasu sukan cire ta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara ƙarfi. Wallahi wannan kisan inji ne, domin ƙurar da ta shiga tana cin ring da silinda kamar sanfefa, bayan 'yan watanni ka ji mota ta fara shan mai tana hayaƙi. A riƙa ɗura giris a kuros na furofela da duk inda aka yi wa bakin giris, musamman bayan an ratsa ruwa. A duba man giya da na aksil, su ne waɗanda aka fi mantawa saboda ba a ganinsu. Man birki a sauya shi gaba ɗaya duk shekara biyu, domin yana tsotsar danshi.

Masu Hilux ta gas, ga taku. Injinan nan irin su 2L da 3L da 5L da bel suke aiki a ciki, ba da sarƙa ba, kuma ana canza shi duk kilomita 100,000. In fitilar da aka rubuta T-BELT ta kama, ba ado ba ce. Ranar da bel ɗin nan ya tsinke kana cikin gudu, fistin zai daki bawul, aikin da za a yi da kuɗi kaɗan ya koma sauke inji. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san ranar da aka canza shi ba, ya canza kawai ya huta.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da rubutu. A sayi ɗan littafi a ajiye a mota, a rubuta ranar juyen mai da lambar mita da abin da aka canza, ko da boko ko da ajami. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda ba ta yi.

In mota ta yi zafi

Wannan shi ne babban abin da ke kashe mana injina a bazara. Ka sa idonka ya saba da allurar zafi kamar yadda ya saba da madubi. Da ka ga ta haura inda ta saba tsayawa, ka sauka gefen hanya. Kada ka ce bari in ƙarasa Jakana. Kilomita biyar ɗin nan su ne tsakanin sayen fanbel da sayen inji. In tururi na fita ko bel ya tsinke, kashe nan take. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Akwai 'yan'uwanmu a zauren nan da tabon ke fuskarsu da hannunsu har yau. Jira aƙalla rabin awa, ka sa tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kan inji zai lanƙwashe ko ya tsage. In ya huce, tayar da shi, ka riƙa zubawa a hankali.

Sa'an nan ka nemi dalili, don ruwa ba ya tsami banza. Fanbel ne ya saki? Tiyo ne ya fashe? Famfon ruwa ne ke ɗiga? Ko ƙaiƙayi da ciyawa ne suka toshe fuskar lagireto, kamar yadda yake faruwa ga masu ɗauko amfanin gona da kaka? Shi kansa murfin, in robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In ba ka ga yoyo ba amma ruwa na raguwa, gwada wannan da safe: buɗe murfi tun da sanyi, ka tayar, in ka ga kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone.

Ruwan rijiya da na burtsatse yana barin gishiri da tsatsa a cikin lagireto. Ruwan nan mai kala da ake sayarwa ya fi, domin yana hana tsatsa. Masu zuba ƙwai ko garin taba don toshe yoyo, su sani yana toshe hanyoyin ruwan ma baki ɗaya. Haka al'adar cire tamostat da zarar an sayi mota. In ya lalace a sa sabo, amma cire shi kan sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da sanyin Disamba da Janairu, ya ƙara shan fetur.

In ta ƙi tashi

Kada ka fara da kwance-kwance. Fara da kunne. In ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ka ji "ƙas" kawai, kunna manyan fitilu ka sake murɗawa. In sun dushe, batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. In suna nan da haskensu, to laifin kik ne ko wayarsa ko makulli. Motar giyar hannu ana iya tura ta a lamba biyu ta tashi. Mai giyar otomatik ba a tura ta. In za a cire batir, a fara cire kan nagetif, in za a mayar shi ne na ƙarshe. Mai mita ya auna: lafiyayyen batir a kashe yana ba da wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba alhali inji na aiki, altaneta ba ta caji.

In kuwa inji na juyawa amma bai kama ba, motar fetur abu biyu take nema, wuta da mai. Zare wayar fulogi ɗaya, ka riƙe ta da fulaya mai roba kusa da ƙarfen inji, nesa da fetur, yaronka ya murɗa. In shuɗiyar wuta ta yi tsalle, wuta lafiya. In babu, duba kwantak da kondensa da kwayil da murfin distributa. In wuta na nan, buɗe iya kilina ka motsa totur da hannu, ka ga ko fetur na fesawa cikin kafireto. In babu, filtar fetur ce ta toshe, ko famfon mai, ko kuwa tankin ne ya bushe, geji ya yaudare ka. In warin fetur ya cika wurin, ta shaƙe ne. Take totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa. Tsohuwar mota da ta mutu da tsakar rana ta ƙi tashi, sau da yawa fetur ne ya zama tururi a cikin bututu. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai ka ɗan jira.

Motar gas ba ta da fulogin wuta. Abokan gabanta iska da ruwa ne. In gas ya ƙare maka ko ka canza filta, sai ka danna ɗan famfon da ke kan filtar har ya yi tauri. A ƙarƙashin filtar kuma akwai wurin tsiyaye ruwa, a riƙa buɗe shi. Da hunturu a jira fitilar hita ta mutu kafin a murɗa. Ko wace iri ce, kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa goma zuwa sha biyar a murɗa ɗaya.

Sababbin motoci masu injekta kuwa, iyakarka ka duba fiyus, ka saurari ƙarar famfon mai in ka buɗe makulli. In abin ya wuce nan, a kai wa mai na'urar kwamfuta. Kuma tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir alhali inji na aiki don gwada altaneta, kada a yi ta a kansu, tana ƙona ƙwaƙwalwar mota.

Abin da mota ke gaya maka

Hayaƙin salansa iri uku ne. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, ring ko sil ɗin bawul sun gaji. Baƙi, mai ya fi iska yawa: iya kilina ta toshe, ko kafireto ko nozul na son gyara, kuma kuɗinka ne ke fita ta baya. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga.

Jar fitilar mai in ta kama kana tafiya, kashe inji a inda kake. Ba a tattaunawa da ita. Ta batir in ta kama, fara duba fanbel, domin a tsofaffin motoci bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa. Birki in ya yi laushi yana nutsewa, iska ce ko yoyo. In yana ƙarar ƙarfe da ƙarfe, takalmin ya cinye. Masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, ku ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a bayanku. In inji na ihu mota ba ta ja, kuloci ne ke sulɓi, kuma yawanci ɗora ƙafa a kansa ne ke jawowa. Sitiyari in yana rawa, a duba tayarod da balansin taya. Taya in tana cin gefe ɗaya, alaimen ne.

Lodi, taya da mai

A-kori-kura an yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba da wani abu kaɗan, kuma mutanen da ke ciki suna cikin lissafi. Wato buhu goma masu kilo 100. Mu kuwa mun san nawa muke ɗora mata na wake ko masara, sa'an nan fasinja su hau sama. Mun sani, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sawu ɗaya da lodin ƙa'ida da ƙyar yake fitar da kuɗin mai da na balas. Ba mu raina wannan ba, mu ma a ciki muke. Amma ku yi lissafi da kyau: ƙarin buhu biyar ɗin nan shi ke karya sifirin, ya ci boris na aksil, ya fasa taya, ya sa birki ya kasa tsai da mota. Ribar mako ɗaya ta tafi wajen mai walda. In ka yi lodi, mai nauyi ya zauna gaba, jikin gidan direba, kada ya rinjayi baya, in ba haka ba sitiyari zai yi sakayau, fitilunka su haska sama.

A auna iskar taya da geji tun da sanyin safiya, ba da bugun ƙafa ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Ku duba ta kafin ku biya kuɗin tayar Beljiyam, domin taya na iya zama da zanenta raɗau alhali robar ta bushe, kuma kwaltar Afrilu ba ta yafe wa irinta. In za ka shiga rairayi, rage iska kaɗan, ka tafi da giya ɗaya ba tare da fizga ba, in ka hau kwalta ka mayar da iskar. In ka kafe, kada ka yi ta ba ta wuta tana ƙara nutsewa; sauka ka haƙe, ka sa katako ko rassa. Mai giyar ƙafa huɗu ya cire ta da zarar ya hau kwalta. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a sa gungume ko safaya.

Game da fetur, kun tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa. In na gidan mai ya iya zama haka, ina ga na jarka? In dole ta sa ka saya wurin 'yan bumburutu, tace shi da tsabtataccen ƙyalle, ka bar na gindin jarka. Kada ka riƙa barin tanki na bushewa, dattin ƙasa ne zai taso. Zuƙo fetur da baki kuma a bar shi, in ya sarƙe mutum huhu yake tafiya.

Darasin ambaliya

Ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da wajen Kwastan da sauran unguwanni, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Abin da muka gani a garejojinmu bayan ruwa ya janye shi ne, motoci da yawa ba ruwan ne ya kashe su ba, makulli ne. Mai mota ya zo da zumuɗi ya murɗa don ya ga ko tana tashi, alhali ruwa na cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Motar da ta nutse, a cire batir, a ja ta zuwa gareji, a juye man inji da na giya da na aksil da na tanki, a kwance fulogi ko hita a fitar da ruwan, a busar da wayoyi, sa'an nan a gwada. Da damina kuma, ruwan da ya wuce tsakiyar taya kada a shige shi, in an ratsa a ɗan tattaka birki ya bushe.

Guzurin hanya

Kada mota ta bar gari sai da safaya mai iska, jak da sifanar taya, sifanu da fulaya da sukundireba, fanbel da fiyus da filtar mai na ajiya, jarkar ruwa, litar baƙin mai, man birki, igiyar ja, tocila, shebur, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana tambayar wasu daga cikinsu, amma ba don ita za ka ɗauka ba.

Jama'a, a wani gari lalacewar mota ɓata lokaci ce kawai. A hanyoyinmu ta fi haka. Ba mu manta da daren 9 ga Fabrairu, 2020 ba, da matafiya suka tarar an rufe hanyar shigowa gari suka kwana a Auno, aka far musu, aka kashe aƙalla mutum 30, aka ƙone motoci. Allah Ya gafarta musu. Makara ce ta tsai da su a wurin, kuma babu abin da ke jawo wa direba makara kamar motar da ba a duba ba. Ku fita da sassafe, ku tambayi halin hanya a tasha, ku bi umarnin jami'an tsaro. Motar da kake shakkarta, kada ka hau babbar hanya da ita bayan azahar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amana

Alhaji mai mota, ranka ya daɗe, in direba ya ce lokacin juyen mai ya yi, kada ka ce ya bari sai wani mako. Ka ware wani abu daga balas na kullum ka ajiye da sunan motar, kada ka taɓa shi ko da biki ya taso. Kai kuma direba, kuɗin sabis amana ne. Wanda ya karɓi kuɗin galan ya sayi na awo ya soke canji, ya ci haram kuma ya kashe abincinsa da kansa. Mu makanikai ma ba mu tsira ba. Abin da ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba, ka tura wa wanda ya iya. Kayan da ka cire ka miƙa wa mai shi ya gani. Yaran da iyayensu suka damƙa mana, mu koya musu aikin da gaske, kada su shekara biyar suna wankin sifana.

Saboda haka kwamiti yana kawo wa shugabanni shawara biyu. Ta farko, a sa rana ɗaya kowane wata da makanikanmu za su duba motocin 'yan ƙungiya kyauta, a fara da na marayu da na matan da mazansu suka rasu. Ta biyu, masu motoci su kafa adashin gyara a ƙarƙashin ma'ajin ƙungiya, don wanda aikin inji ya faɗo wa kada ya sayar da motar a wulaƙance. Mun bar wa dattawa su duba.

Wanda ke da tambaya a kan motarsa, muna nan bayan an shafa fatiha. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu. Allah Ya ƙara wa Mai Martaba Shehun Barno lafiya, Ya bar zumunci tsakaninmu da masu masaukinmu, Ya zaunar da jihar nan da ƙasa baki ɗaya lafiya. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya mai da kowane direba ga iyalinsa lafiya. Amin.